Hawan dutsen Akwapim da babur a cikin hunturu

Wani ƙanenmu daga unguwar Nima ta birnin Accra a Ghana ya aiko da tambaya. Shi da abokinsa suna so su ɗauki baburansu wata ranar Asabar a cikin hunturun nan, su hau dutsen Aburi, su bi garuruwan Akwapim har su sauka Akosombo, su dawo gida a ranar. Shi yana da Boxer 150, abokin yana da ƙaramar Haojue, kuma abokin bai daɗe da fara hawa ba. Niyyarsu su kama hanya da an sallame sallar Asuba don su riga motoci. Yana so ya san ko sanyin zai dame su, me za su sa, kuma wace hanya ce ta fi.

Ƙanena, tafiyar nan mai kyau ce, ku yi ta. Na daɗe ina gyaran babur, na kuma daɗe ina bin wannan hanya, kuma babu lokacin da na fi son ta kamar Disamba da Janairu, lokacin da ruwa ya ɗauke, kwalta ta bushe. Amma a cikin shirinku akwai abin da zan canza, shi ne lokacin tashi. Kada ku tashi bayan Asuba. Ku yi sallah, ku koma ku sha koko da ƙosai mai zafi a natse, ku duba babura da hasken rana, sannan ku bar Madina, unguwar da ke kan hanyar fita Accra zuwa Aburi, wajen ƙarfe bakwai da rabi ko takwas.

Ga dalilina. Mutanenmu da suka taso a Bawku ko Tamale za su ce maka Accra ba ta da sanyi, kuma gaskiyarsu ce. Ko a tsakiyar hunturu ba kasafai ma'aunin zafi yake sauka ƙasa da digiri 20 a nan bakin teku ba. Sai dai Aburi tana kan tudu ne da ya kai wajen mita 400, kuma duk mita 1000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, wato a can sama an rage maka kusan digiri uku tun kafin ka motsa. Sannan ga iskar gudu. Wanda yake tsaye a bakin hanya jikinsa yana ɗumama ɗan iskar da ke tsakanin fatarsa da rigarsa, ita ce ke tsare shi. Mai babur da ke gudun kilomita 60 ko 70 kuwa, iska tana kwashe wannan ɗumi ba ƙaƙƙautawa. Ba zai kashe ka ba, amma bayan minti talatin sai ka ji yatsu sun sandare, kana jan birkin gaba ba ka san iya ƙarfin da ka sa ba. Kafaɗu su ɗage su haɗe da wuya, hannu ya damƙe kan babur kam. Babur kuwa ba ya shan kwana da kyau a hannun wanda jikinsa ya ƙage. Wanda ya ƙware yana iya jurewa ya gyara. Sabon mahayi bai ma san abin da ke faruwa da shi ba, sai dai ya ga kwana tana buɗe masa zuwa hannun motocin da ke tahowa.

Na biyu, hazo. Ƙurar hunturu daga hamadar Sahara take tasowa, wani ɓangarenta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta har bakin teku. Accra ba ta samun ta kamar arewa, amma akwai ranakun da take sauka sosai, kuma da sassafe a kan dutse tana haɗuwa da hazon raɓa. Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, ta yi ƙasa-ƙasa, a wasu kwanoni ta dake ka a fuska ta cikin ƙura, gilashin hular kwano ya koma fari fat. Na uku, kuma wannan mutane da yawa ba sa tunawa da shi: ranar Asabar da asuba hanyar Ayi Mensah zuwa Peduase cike take da masu tattakin motsa jiki, ɗaruruwa, wasu ƙungiya-ƙungiya da ganguna, wasu a gefen kwalta, wasu a kanta, motocinsu kuma a jere a ƙasan dutse. Lokacin da kuke ganin za ku sami hanya fayau, shi ne lokacin da ta fi cika da masu tafiya a ƙasa. Zuwa ƙarfe takwas da rabi yawanci sun ragu.

Maganar sutura ba ta da tsada. Abin da kake nema shi ne wanda zai tare iska, ba mai kauri kawai ba. Rigar sanyi ta saƙa ita kaɗai iska tana ratsa ta. Ka sa singileti ko ƙaramar riga a ciki, rigar sanyi a kai, sannan jaket da iska ba ta shiga, ka ja zif har wuya. In babu jaket, rigar ruwan da kake sawa da damina ta wadatar. Tsofaffin mahaya suna shimfiɗa jarida a ƙirji a ƙarƙashin jaket, kuma tana aiki, in rana ta ɗaga sai a cire. Safar hannu ita ce ba zan yafe muku ba, ku biyun, mai rufe yatsu gaba ɗaya, ta fata in da hali, ba mai kaurin da zai hana ka jin birki ba. A kasuwar Kantamanto ta Accra ana samun ta gwanjo mai kyau. Wando mai kauri, takalmi rufaffe mai kama idon sawu, ba silifa ba. Ka ɗaura ƙyalle a wuya ka cusa bakinsa cikin jaket. Kada a hau da jallabiya ko rawani mai jela. Na ga abin da cen da tayar baya suke yi wa tufa mai lilo, da kuma wanda ke cikinta. In kuna son kayan sallah masu tsabta ku naɗe su a jaka.

Ka shafa man kaɗanya a leɓe da bayan hannu kafin ku tashi, ka sa takunkumi don ƙura. Gilashin hular kwano ya zama fari, ba baƙi ba, kuma in ya riga ya karce ka canza shi kafin ranar. Ƙurar hunturu ba a goge ta a bushe da hannun riga, karce gilashin take yi. A zuba ruwa tukuna sannan a goge da tsumma mai laushi. In numfashinka yana sa shi gumi da safe, ka ɗaga shi kaɗan, misalin faɗin yatsa. Kuma ku bar wuri a jaka, domin da kun sauka ƙasar Krobo wajen ƙarfe sha ɗaya zafi zai karɓe ku, sai an tuɓe rabin kayan. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye ruwan jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba, saboda haka duk inda kuka tsaya ku sha ruwa ko ba ku ji ƙishi ba.

Babura kuma a duba su tun ranar Juma'a, kada a bari sai safiyar tafiya. Ka buɗe matatar iska ka gani. A wannan lokaci tana toshewa da wuri, kuma babur mai toshewar matata a kan hawa ne yake nuna halinsa: ka murɗa totur ya yi ta gunji ba ja, yana shan mai. In ta soso ce a wanke, ta bushe, a shafa mata ɗan mai a matse. In ta takarda ce a kakkaɓe ko a canza. Cen a wanke shi da kananzir, a sa masa mai kaɗan a goge rarar, don mai da yawa ƙura yake kamawa ya zama abin da ke cin haƙoran sufurket. Sakinsa a tsakiya ya zama kamar santimita biyu zuwa uku. Iskar taya a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, da ma'auni, ba da matsa ta da babban yatsa ba. A irin Boxer ɗinka wajen maki 25 ne na ma'aunin PSI a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da goyo, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin babur ɗin. Sanyi yana rage iskar taya, kusan maki ɗaya a duk digiri biyar ko shida. Da safe ka ja cok, ka bar inji ya yi minti biyu ko uku yana aiki a hankali don baƙin mai ya zagaya, ka mayar da cok kafin ka hau. Fitilar gaba a kunne duk tsawon tafiyar, ta baya da ta birki su ma a tabbatar suna kamawa. Ku ɗauki fulogi ɗaya, sifana, filaya, da wayar kuloci ta ajiya. Tankin Boxer lita 11 ne, kuma zuwa da dawowa ba zai kai kilomita 200 ba daga Madina, don haka in kun cika tanki kun gama da maganar mai.

Birki na bar shi daban don shi ne zuciyar wannan tafiya. Ka sa makaniki ya buɗe ya duba takalman birkin duka baburan, gaba da baya, musamman na abokinka.

Hanyar kuwa: daga Madina ku bi Adenta, Oyarifa, Ayi Mensah, a nan hawa yake farawa. Kwalta ce mai faɗi, amma ta gefen dutse a kan sami tsakuwa da duwatsun da suka gangaro, kada ku manne da bango. A Peduase akwai gidan hutun shugaban ƙasa da aka gina zamanin Nkrumah. Ku wuce shi, ba wurin tsayawa ɗaukar hoto ba ne. Tsayawarku ta farko ta zama Aburi. Lambun itatuwan da ke can tun 1890 aka buɗe shi, kuma layin dogayen itatuwan da ke mashigarsa ya isa a tsaya dominsa. Amma ni abin da nake so ku yi a Aburi shi ne ku sauka, ku cire safar hannu, ku sha shayi mai zafi, ka dubi abokinka da kyau. Kada ka tambaye shi ko yana jin sanyi, zai ce maka a'a. Ka dubi hannunsa lokacin da yake riƙe da kofi, ka dubi leɓensa. In yana karkarwa ku zauna har ta daina.

Daga Aburi hanya tana bin ƙashin bayan dutsen, gari na bin gari: Obosomase, Tutu, Mampong, Amanokrom, Mamfe. A Mampong ne Tetteh Quarshie ya dasa kokon da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879, kuma gonar tana nan ana shiga. Wannan yanki ba na gudu ba ne. Gidaje suna bakin kwalta, akwai tudun rage gudu da yawa, doka ma kilomita 50 ta yarda a cikin gari, kuma Asabar ranar jana'iza ce a ƙasar Akwapim. Za ku tarar da rumfuna, mutane cikin baƙi da ja suna tsallaka hanya, wani lokaci an tare rabin titi. Ku rage gudu, kada ku dame su da hon, ku wuce cikin mutunci. Mu ma in muna da rasuwa a zango haka muke so a yi mana.

A shataletalen Mamfe ne za ku yanke shawara, kuma ina so ku yi alkawari tun daga gida cewa a can za a yanke ta. In abokinka ya gaji, ko hazo ya yi kauri, ko rana ta yi, akwai gajeriyar hanya ta Larteh da ke sauka Ayikuma, daga nan Dodowa, Oyibi, Adenta. Gangararta tana da tsananin kwanoni, ita ma ba wasa ba ce, amma gajera ce kuma kafin La'asar kuna gida. In kuma komai lafiya, ku miƙe Akropong, inda 'yan mishan na Basel suka kafa makarantar horon malamai a 1848, ku wuce zuwa Adukrom.

Daga Adukrom zuwa Somanya nan ne duk abin da na faɗa a baya yake haɗuwa. Gangara ce doguwa mai kwanoni, ta sha cin motocin da birki ya tsinke musu. In kun bi shawarata za ku iso ta wajen ƙarfe goma da rabi ko sha ɗaya, rana ta ɗaga, hannu ya saki, ido yana gani. Ku tsaya a Adukrom tukuna ko na minti biyar ne. Sannan ka gaya wa abokinka wannan, da bakinka, kana kallonsa: giyar da za ka hau dutse da ita, da ita ake sauka. Giya ta biyu ko ta uku, a saki totur, a bar inji ya riƙe babur. Kada a sa furi, kada a kashe inji don tsimin mai, kada a riƙe kuloci a matse. Wannan ɗabi'a ta gangarawa a furi ta yi yawa a cikin yaranmu, kuma man da ake tsimi bai kai cikin kofin shayi ba. Yawancin ƙananan baburan da ke hannunmu birkin diram ne. In ka ɗora ƙafa a kan na baya ka bar ta tun daga sama, diram ɗin yana yin zafi ya buɗa, takalmin ya daina kamawa, sai ka ji feda tana tafiya ƙasa babur bai rage ba. Yadda ake yi shi ne a kama birki biyu tare, da ɗan ƙarfi, a inda hanya take miƙe kafin kwana, a rage gudu iya yadda ake so, a saki ya huce, a shiga kwana da inji. Ido kuma ya tafi inda kwanar take fita, ba bakin rami ba, domin inda mahayi ya kafa ido nan babur yake zuwa. A rani yashi da busasshen ganye suna taruwa a gefen kwanoni, ku bi sawun tayar motoci. In ka ji ƙaurin birki, naka ko na motar da ke bayanka, ka nemi wuri mai faɗi ka kauce. Babbar mota ko trotro, wato ƙaramar bas ta haya, in ta biyo ku a gangara, a ba ta hanya ta wuce.

Wa zai shiga gaba? A kan hanya miƙaƙƙiya da cikin garuruwa, ka bar abokinka a gaba, ya yi gudun da ransa ya kwanta da shi, kai kana baya kana ganin yadda yake yi. Babban haɗarin tafiyar mutum biyu shi ne sabo ya ga gwani yana nisa, kunya ta kama shi, ya murɗa abin da ya fi ƙarfinsa don kada a ce ya kasa. A gangara kuwa kai ka wuce gaba, ka tafi a hankali fiye da yadda ka saba, ya ga inda fitilar birkinka take kamawa da inda kake bi. Kada ku jera kafaɗa da kafaɗa kuna hira. Ku bar tazarar daƙiƙa uku a tsakani, in da hazo huɗu. Ku yi yarjejeniya cewa duk mararraba na gaba zai tsaya sai ya ga na baya, kuma in ɗaya ya wuce mota, ɗayan ba dole ne ya bi shi a lokacin ba, sai ya ga hanya da idonsa. Sauri ya haifi nawa, kuma a kan babur abin da yake haifa ya fi nawa muni.

Da kun sauka, sauran mai sauƙi ne: Somanya, Odumase, Agomanya inda kasuwar duwatsun ado na Krobo take ci Laraba da Asabar, saboda haka ku sa ran cunkoso, sai Kpong, sai Atimpoku. A nan gadar Adomi take, wadda aka buɗe a 1957, baka guda na ƙarfe a kan kogin Volta. A hunturu duwatsun da ke bayanta suna dusashewa cikin hazo, ruwan ya kwanta, masu kwalekwale suna jefa taru a ƙasa. Ku ajiye babura ku taka ta da ƙafa. Mata suna sayar da abolo, wani turararren abinci na ƙullun masara, da soyayyun ƙananan kifi da jatan lande a bakin hanya, abincin rana ya samu. Ku tambayi masallacin zango ku yi Azahar. Madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, tana gaba kaɗan, amma wuri ne mai tsaro, shiga sai da izinin VRA, hukumar da ke kula da madatsar, kuma in kun ce sai kun shiga za ta cinye muku lokacin dawowa. Ni dai da zan bar ta sai wata rana.

Takardu su kasance a jikinku, ba a gida ba: lasin mai ajin A daga hukumar lasin tuƙi ta DVLA, inshora, takardar lafiyar babur, da katin ɗan ƙasa na Ghana Card. Akwai shingayen 'yan sanda a hanyar. Dokar hanya ta 2004 ta wajabta hular kwano ga mahayi da wanda ya goya, kuma hular da ba a ɗaure igiyarta ba tana barin kai kafin kai ya taɓa ƙasa. Lambar gaggawa 112 ce. Ku gaya wa wani a gida hanyar da za ku bi da lokacin da za a sa ran ganinku, waya kuma a cike da caji.

Ku bar Atimpoku kafin ƙarfe biyu da rabi, duk daɗin da wurin ya yi. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma a ranar hazo haske yana mutuwa tun kafin nan. Kada ku sake hawa dutse da gajiya. Akwai hanyar Kpong zuwa Tema ta Shai Hills, amma manyan motoci da tifofi sun yi mata yawa. Na fi so ku koma Somanya ku bi ta Dodowa, cikin gonakin mangwaro, ku yi La'asar a hanya. Ranar Juma'a ka leƙa tashar Madina ka tambayi direbobin Somanya halin da take ciki, domin su suke bin ta kullum, sun san inda ake aiki da inda ramuka suka buɗe. Da yamma a rani ana ƙona daji, hayaƙi yakan rufe kwalta. In kun hango shi ku rage gudu tun daga nesa, in ba ka ganin ƙarshensa ku tsaya can baya a gefen hanya har ya wuce. Daga Oyibi zuwa Adenta cunkoson yamma zai tare ku a daidai lokacin da jiki ya mutu, don haka ku sha ruwa ku miƙe ƙafa a Dodowa kafin ku shiga cikinsa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.